Yakubu Nabame: Ɗan Sarkin Da Ya Maido Da Sarautar Kabi

Wasu shekaru da suka wuce, lokacin da nake tattara kalmomin masunta da manoman fadama domin wani nazari a kan karin harshen Kabawa, na yi makonni ina kai da komo tsakanin Ambursa da Argungu. Aikina bai shafi tarihi ba, amma duk wanda ya taɓa zama da dattawan wannan yanki ya san hira ba ta nisa sai ta gangara kan yaƙe-yaƙen da. A nan ne na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai har yau. A Ambursa, idan aka zo kan abin da ya auku a shekarar 1849, kalmar da ke fitowa daga bakin tsofaffi ita ce tawaye. Da na hau mota na isa Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, sai in ji ana kiran wannan al'amari da sunan komowar sarauta gidanta. Harshe ɗaya suke magana da shi, kuma mutum ɗaya suke nufi, wato Yakubu Nabame ɗan Sama'ila Karari, amma kowane ɓangare da kalmar da ya gada.

Mu ɗaliban harshe mun san idan al'umma ta ba abu ɗaya suna biyu, to akwai wata tsohuwar shari'a da ba a gama yanke ta a zukata ba. Shari'ar da ke nan kuwa ita ce: idan aka kifar da gidan sarauta, mene ne ke mutuwa, mene ne kuma ke saura? Rayuwar Nabame amsa ce ga wannan tambaya, shi ya sa na ga ya dace in gabatar da ita ga mai karatu.

Kafin in shiga labarinsa, bari in ɗauko wani misali daga nesa domin mu sami abin aunawa. A ranar 5 ga Oktoba, 1910, sojoji da 'yan jamhuriya suka kifar da sarautar ƙasar Fotugal, wadda ta haura shekara 750 a duniya. Sarkin da abin ya rutsa da shi, Manuel na Biyu, saurayi ne ɗan shekara 20, wanda ya hau gado a 1908 bayan an harbe mahaifinsa Carlos na Ɗaya da yayansa a kan titin birnin Lisbon. Sabbin masu mulki suka soke sarautar baki ɗaya, suka sauya tuta da taken ƙasa da kuɗi, har ƙa'idar rubutun harshensu suka yi wa gyara a 1911. Magoya bayan sarki sun yi yunƙurin maido shi a 1911 da 1912, a 1919 ma suka riƙe birnin Porto na 'yan makonni, duk a banza. Manuel ya ƙare rayuwarsa a Ingila yana nazarin tsofaffin littattafan ƙasarsa, ya mutu a 1932 bai bar ɗa ba. Sai dai jamhuriyar da ta gaje shi ba ta zauna da gindinta ba: gwamnati 45 aka yi cikin shekara 16, har soja suka ture ta a 1926, daga nan ƙasar ta faɗa hannun mulkin kama-karya na Salazar da magajinsa, bai kau ba sai a 1974. A riƙe wannan a zuciya, za mu komo gare shi.

Ita daular Kabi, Muhammadu Kanta ne ya kafa ta wajen 1516, bayan ya raba gari da Askiya na Songhai. Ya zauna a Surame, wadda kufan ganuwarta ta duwatsu ke nan har yanzu, kuma a zamaninsa Kabi ta kasance cikin manyan ƙasashen wannan nahiya tamu. A farkon ƙarni na 18 aka mayar da fada Birnin Kabi. Ƙarfin ƙasar ya riga ya ragu sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso a 1804, Gobir da Zamfara sun yagi rabonsu daga jikinta. A watan Afrilu na 1805 rundunar jama'ar Shehu a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice da sauran mutanensa, aka naɗa wani ɗan gidan, Usman Masa, a madadinsa. Wannan dabara ba ta yi ƙarko ba, domin kafin shekarar ta ƙare Usman Masa ya juya baya a lokacin yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi hasara mai yawa, daga baya shi ma aka kashe shi.

A cikin wannan hali Yakubu Nabame ya taso: gidansu na da sunan sarauta, amma babu birnin da za a zauna a yi ta. Baffansa Hodi ya shafe shekara 21 yana yaƙi daga wannan gari zuwa wancan, har aka kashe shi a Kimba a 1826. Mahaifinsa Karari, ƙanen Hodi, ya ɗauki tutar, ya kafa zama a Argungu. A 1831 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Sarkin Gwandu Muhammadu Wani suka haɗa ƙarfi suka kewaye garin har ya miƙa wuya. Karari ya tsallaka gulbi ya nufi ƙasar Zabarma, aka bi sawunsa. Ruwayar da aka gada ta nuna cewa da ya tabbata babu mafita, sai ya sauka daga kan doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai da tasbaha a hannu, ya jira masu binsa har suka iso. Wannan hoto na sarki zaune a kan garkuwa ya yi wa Kabawa aikin da runduna ba ta yi musu ba, domin shi iyaye suka riƙa ba 'ya'yansu labari a tsawon shekarun da babu sarki.

Nabame ya tsira a wannan rana, ya ɓuya a Arewa, amma daga baya ya shiga hannu. Akwai waɗanda suka so a kashe shi a huta, tunda shi ne magaji. Muhammadu Bello ya ƙi. Ya bar shi da ransa, ya sa aka kawo shi Sakkwato, inda aka riƙe shi riƙon 'ya'yan manya, ba na bawa ba. Ni a ganina wannan hukunci na Bello shi ne ginshiƙin labarin duka. Ya yi abin da malami kuma shugaba mai hangen nesa zai yi, yana fatan ɗan abokin gaba ya zama ɗan gida. Duk wanda zai ba da tarihin Nabame da gaskiya tilas ya fara da yarda cewa rayuwarsa kanta kyauta ce daga mutanen da ya zo ya yaƙa daga baya.

Ya yi shekaru goma sha a ƙasar Sakkwato, ya ga zamanin sarakunan Musulmi uku: Bello har zuwa 1837, Abubakar Atiku har zuwa 1842, sannan Aliyu Babba. Ya ga yadda ake tafiyar da daula daga ciki, yadda ake tara runduna da kaka a sallame ta kafin damina, yadda ake kafa ribaɗi a bakin iyaka, da kuma inda ƙarfin daular yake da inda rauninta yake. Ya fita yaƙi tare da su a kan Gobirawa, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ne aka ruwaito ya ceci ran Umaru ɗan Aliyu Babba. Saboda wannan bajinta da amincin da aka gani a wurinsa, Aliyu Babba ya yarje masa ya koma ƙasar iyayensa ya zauna.

A nan ne rayuwarsa ta zo mararraba. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma Nabame na iya zaɓar zaman lafiyar, ya ci gaba da cin albarkacin Sakkwato har ƙarshen ransa. Amma ya komo cikin mutanen da suka yi shekara 18 ba su da sarki, waɗanda ba su manta da Karari ba, suna kallonsa a matsayin bashin da ba a biya ba. A 1849 ya amsa kiransu, aka naɗa shi Sarkin Kabi a Argungu, ya yanke mubaya'arsa ga Gwandu da Sakkwato. Mutanen Gwandu sun ɗauki wannan a matsayin cin amanar wanda ya raya ka. Kabawa kuwa sun ɗauke shi a matsayin ɗa ya karɓi gadon ubansa. Na daɗe ina juya maganar, ban ga yadda za a ƙaryata ɗayansu ba.

Abin da ya bambanta yunƙurinsa da na baffansa da mahaifinsa shi ne bai tsaya shi kaɗai ba. Ya ƙulla ƙawance da Arawa da Zabarmawan Dosso da mutanen Dandi, waɗanda kowannensu ke da nasa ƙorafi a kan Gwandu. Ta haka wutar ta kama daga fadamar Argungu har zuwa gaɓar Kwara, ta kusa raba Gwandu da ƙasashenta na yamma irin su Sayi da Liptako. Ya kuma san amfanin ƙasarsa. Fadamar gulbin Kabi, wadda ruwa ke malalewa a cikinta watanni da dama a shekara, ganuwa ce da dawaki ba sa iya ketawa yadda suke so, alhali Kabawa masu jirage da sanin mashigai suna yawo a cikinta kamar tsakar gidansu. A lokacin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi ne ke kan gado, malami mai tsantseni da son kaɗaici, wanda hankalinsa ya fi karkata ga littafi bisa ga fagen fama. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853, ya bi ta Birnin Kabi zuwa Sayi, kuma ya tarar da hanyoyin yankin cikin tsoro, garuruwa a takure, yaƙi na ci kusa da babban birnin kansa.

Shekara biyar kacal Nabame ya yi a kan gado, kusan dukkansu a bisa doki. Ya rasu a fagen yaƙi a 1854. Bai karɓo Birnin Kabi ba, bai kuma maido da daular Kanta yadda take ba. Abin da ya bari shi ne sarauta mai rai a wani sabon mazauni, da ƙawancen da ya fi shi tsawon kwana.

Farashin abin da ya fara kuwa ba kaɗan ba ne, kuma bai kamata mai son Nabame ya rufe ido a kansa ba. Ƙanensa Yusufu Mainasara, wanda ya gaje shi, an kama shi aka kashe a Gwandu a 1859. Shekara guda bayan haka, a 1860, Kabawa a ƙarƙashin Muhammadu Ba'are ɗan Nabame suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a wurin yaƙi. A wannan zamani ne Ambursa ta zama sansanin Gwandu mai fuskantar Argungu, har sarakunan Gwandu suka riƙa zama a cikinta. Ashe ba banza ba kalmar tawaye ta zauna a bakin tsofaffinta, kakanninsu ne ke kwana a kan ganuwa. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne talaka na kowane ɓangare, wanda ake ƙone wa rumbu, a kore masa shanu, a kama masa 'ya'ya a sayar.

Sauƙi na farko ya zo ne wajen 1867, lokacin da Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A cikinsa aka amince Argungu ta tsaya da ƙafarta, kowa kuma ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. A lura da sunan da jama'a suka ba wannan yarjejeniya. Ba su kira ta nasara ba, lafiya suka kira ta, suka kuma jingina ta ga sarkin da ya kawo ta. Ta yi kimanin shekara takwas kafin ta warware a 1875. Daga 1883 wani ɗan Nabame, Sama'ila wanda aka fi sani da Sama, ya hau gado, ya zama mayaƙin da Gwandu da Sakkwato suka fi jin jiki a hannunsa. Da Turawan Ingila suka iso, Sama ya karɓe su hannu biyu, kuma daga Argungu wani sashe na rundunarsu ya tashi zuwa yaƙin Sakkwato a 1903. Sakamakon da ya samu shi ne an bar masa sarautarsa, amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta yanke yawancin ƙasashen ƙawayen Kabi ta jefa su cikin abin da ya zama Jamhuriyar Nijar. Gabar 'yan'uwa ta buɗe wa baƙo ƙofa, baƙon kuma bai bar kowa yadda ya same shi ba.

Yanzu mu koma ga misalin Fotugal. A can an kifar da sarki aka kuma shafe sunan sarautar, aka wayi gari babu kujerar da wani zai yi da'awa a kanta, sannan wanda aka kora bai bar magaji daga tsatsonsa ba. A Kabi kuwa an kori sarki amma ba a taɓa sunan ba. Hasali ma masu jihadi sun ɗauki laƙabin suka ba nasu mutane: ga Sarkin Kabin Yabo daga zuriyar Muhammadu Moyijo, ga Sarkin Kabin Jega. Wannan shaida ce cewa su kansu sun san sunan na da nauyi a zukatan talakawa. Muddin kuwa ana kiran wani Sarkin Kabi a kasuwa da masallaci, to ana tuna wa jama'a cewa akwai gidan da sunan ya fito. Kalma ce ta riƙe wa Nabame kujerarsa shekara 18. Abin da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai shi ne, ranar da aka ci birni ba ita ce ranar da aka gama magana ba. Fotugal ta yi shekara 64 kafin ta sami tsarin da jama'arta suka natsu da shi. Kabi da maƙwabtanta sun fi haka daɗewa.

Sai a 1934, shekara 129 bayan faɗuwar Birnin Kabi, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. Da yawa daga cikin masu zuwa Matan Fada kallon masunta da gorunansu ba su san bikin sulhu suke halarta ba. Gidan da ake kira Gidan Nabame, wanda ya kasance fada har 1942, shi ne aka mayar Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Da aka ƙirƙiro jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, sai aka sa mata sunan Kabi, aka ajiye hedikwatarta a Birnin Kabi, inda Sarkin Gwandu, jikan Malam Abdullahi, yake zaune tun farkon zamanin Turawa, shi kuma Sarkin Kabi na Argungu. Ambursa da ta kasance bakin daga, yau filin jirgin saman jihar ne a cikinta, inda alhazan Gwandu da na Argungu ke hawa jirgi ɗaya.

Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na farko na masu mulki ne. Tun daga gyare-gyaren ƙarshen shekarun 1960 da na ƙananan hukumomi na 1976 aka raba sarakunanmu da kotu da 'yan doka da gidan yari, har ta kai gwamna na iya tuɓe sarki da takarda guda. An yi haka a Gwandu a 2005, shari'ar ta yi kusan shekara 20 tana yawo a kotuna. An yi a Kano a 2020, aka sake juya al'amarin a 2024. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne a waɗannan rigingimu. Abin da tarihin Nabame ke nunawa shi ne tuɓe rawani aikin yini ɗaya ne, amma abin da ke biyo baya 'ya'ya da jikoki ne ke biyansa, don haka mai alƙalami a hannu ya yi dogon tunani kafin ya sa hannu.

Na biyu namu ne, mu da muka yi boko muke rubutu da koyarwa. A 'yan shekarun nan, da matsalar tsaro ta addabi Arewa maso Yamma, an sami masu tono irin wannan tarihi a kafafen sada zumunta domin su raba Hausawa da Fulani, kowa na yanko gaɓar da ta yi masa daɗi ya jefar da saura. Mai son ya zagi jihadi zai ambaci Karari a kan garkuwa, ya ɓoye cewa Bello ne ya raya ɗansa. Mai son ya zagi Kabawa zai ambaci 1903, ya ɓoye abin da ya faru a 1831. Alhali waɗanda suka yi yaƙin da hannunsu sun zauna sun ƙulla Lafiyar Toga, jikokinsu kuma sun ci abinci tare a 1934. Bai dace mu da muka gaji sulhun mu fi waɗanda suka zubar da jinin zafin rai ba.

Ni dai ban nemi dattijon Ambursa ya bar kalmarsa ba, ban kuma nemi na Argungu ya bar tasa ba. Na rubuta duka biyun a littafin aikina, kowace da sunan garin da na ji ta, kamar yadda ƙa'idar sana'armu ta tanada. Fatana shi ne yaran da ke karatu a makarantun Jihar Kabi su san kalmomin biyu, su kuma san dalilin kowace. Allah Ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, Ya gafarta musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe zumuncin da suka bar mana. Amin.